Babi na Bakwai: Audugar Garwa da Waɗanda Suka Yi Tarayya a Kanta

Daga watan Disamba har zuwa ƙarshen rani, hanyar da ta tashi daga Garwa ta nufi Ngaundere ba ta rabuwa da manyan motoci ɗauke da dilolin auduga. A Ngaundere ake sauke su a loda wa jirgin ƙasa, shi kuma ya gangara da su tashar ruwa ta Duwala, daga nan mafi yawansu su kama hanyar masaƙun Asiya, irin su Bangaladash da Sin. Dilolin nan duk daga hannun kamfani ɗaya suke fitowa, wato Sodecoton, mai hedikwata a Garwa da ke arewacin Kamaru, wanda ya daɗe yana riƙe da injinan gurza tara da matatun mai biyu, yake kuma hulɗa da manoma sama da 150,000 a jihar Arewa da jihar Arewa Mai Nisa. A shekarar da damina ta yi kyau, audugar da ake aunawa a yankin takan haura tan 300,000, kuma abin da hekta ɗaya ke bayarwa yana cikin mafi yawa a ƙasashen Afirka masu noman auduga da ruwan sama. Manomin Gider ko na Tuboro bai fi na Funtuwa ko na Gusau ƙwazo ba, ƙasarsa ma ba ta fi tasu kyau ba. Abin da ya bambanta su shi ne irin tarayyar da aka ƙulla a kan audugar. Hujjar wannan babi ke nan: abokin hulɗa na waje yana kawo sabon abu mai ɗorewa ne idan an ɗaure ribarsa da amfanin gonar mai gida, kuma mai gidan yana da inda zai gwada abin da aka kawo masa, ya karɓa ko ya ce a kai kasuwa.

Auduga ba baƙuwa ba ce a kwarin Binuwai. Lokacin da Heinrich Barth ya iso bakin kogin a shekarar 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya tarar ana ciniki a ƙasar Adamawa da siraran ƙyallayen saƙa a matsayin kuɗi. Mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na rini, fatake Hausawa da Barebari na fataucin tufafi tsakanin garuruwan lamidai. Abin da ya zo daga baya tsari ne na noma don fitarwa waje, kuma Faransawa ne suka zo da shi. A 1949 gwamnatin Faransa ta kafa kamfanin CFDT don bunƙasa noman auduga a ƙasashen da take mulka, a farkon shekarun 1950 kuma kamfanin ya kafa sansaninsa a Kayele, kudu da Marwa. Irin da ya fara rabawa shi ne Allen, wanda asalinsa na Amurka ne, amma ya daɗe a gonakin ƙasar Zazzau da Katsina tun zamanin kamfanin Ingilishi na BCGA, kafin ya ratsa Cadi ya shigo Kamaru. Kada a yi wa wannan zamani kwalliya. An auna wa mutane gona da igiya, an bi ta hannun sarakuna da masu unguwanni an matsa musu su shuka, saboda da kuɗin auduga ake biyan haraji. Hekta ɗaya da ƙyar take ba da kilo 500. Tarayya irin wannan, wadda ɗaya ke ba da umarni ɗaya ke bi, ta faɗaɗa gonaki amma ba ta sa hekta ta ƙara komai ba, kuma da fari ya zo a farkon shekarun 1970 manoma da yawa suka watsar da audugar suka koma wa dawa.

A 1974 gwamnatin Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne, ta yanke shawarar da sauran labarin ya rataya a kanta. Tana iya korar CFDT ta karɓe komai, kamar yadda wasu ƙasashen Afirka suka yi wa kamfanonin Turawa a wancan lokaci. Tana kuma iya barin sa ya ci gaba yadda yake. Sai ta kafa Sodecoton, ta riƙe rinjayen hannun jari, ta bar wa CFDT kaso mai tsoka tare da aikin ba da shawarar fasaha da neman kasuwa. Shekaru masu yawa bayan haka rabon ya tsaya a kashi 59 cikin ɗari na gwamnati, 30 na kamfanin Faransa (wanda ya koma Dagris a 2001, sannan Geocoton bayan an sayar da shi a 2008), 11 kuma na wani kamfanin 'yan kasuwar Kamaru mai suna SMIC. Muhimmancin wannan rabo a fili yake. Wanda aka ɗauko haya ya ba da shawara yakan karɓi kuɗinsa ya tafi, ko shawarar ta yi amfani ko ba ta yi ba. Wanda ya sayar maka da inji ya gama cin ribarsa ranar da ka biya. Amma mai kashi 30 a cikin kamfani ba ya ganin ko sisi sai an noma auduga mai yawa, an gurje ta da kyau, masaƙa a wata duniya sun yaba zarenta sun sake dawowa. Saboda haka ya zama dole ya damu da abin da ke faruwa a rubu'in hektar da wani tsoho ya shuka a gefen dutse, domin ribarsa daga can take tasowa.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne wajen iri. Tun zamanin CFDT akwai masu binciken Faransa na cibiyar IRCT da ke aiki a Marwa. Daga baya aikin ya koma hannun cibiyar binciken noma ta Kamaru, wadda tun 1996 ake kira IRAD, tare da masanan CIRAD ta Faransa, Sodecoton kuma na biyan babban kaso na kuɗin binciken. Samar da sabon iri aiki ne na haƙuri. Mai bincike zai ɗauki garin furen wata bishiyar auduga ya sa wa wata, ya rufe furen don kada ƙwari su kawo wani garin, ya jira ƙwallon ya fashe. 'Ya'yan da suka fito zai shuka su layi-layi, ya zaɓi kaɗan ya zubar da saura, ya maimaita haka damina bayan damina. Waɗanda suka tsira sai a kai su tashoshin gwaji daga busasshiyar ƙasar Marwa har zuwa kudancin Binuwai mai yawan ruwa, sannan a ba zaɓaɓɓun manoma su shuka a gefen tsohon iri, a gurje audugar kowanne daban, a auna tsawon zaren da ƙarfinsa da laushinsa. Kafin iri ɗaya ya isa hannun kowa an ci shekara goma ko fiye. Ta wannan hanya aka fito da jerin irin da ake kira IRMA, irin su IRMA 1243 da L484 da L457 da Q302. Sakamakon yana da sauƙin lissafi. A zamanin Allen na farko, kilo 100 na audugar da ba a gurza ba ba ya ba da kilo 30 na tsantsar auduga. Yau yana ba da sama da 40. Gonar ita ce dai, gumin manomi shi ne dai, kuɗin dakon mota bai canja ba, amma abin sayarwa ya ƙaru da fiye da sulusi.

Babu ɗaya daga cikin ɓangarorin nan uku da zai iya yin wannan shi kaɗai. Masanan waje suna da tarin iri daga Amurka da Asiya da sauran ƙasashen Afirka, suna da ɗakunan gwajin zare, amma ba su da gonakin gwaji dubu ko malaman gona da ke zaga ƙauyuka a kan babur. Cibiyar gwamnati tana da masana 'yan ƙasa da suka san ƙasar da yanayinta, amma kasafinta ba ya ɗaukar aikin shekara goma ba tare da ya yanke a tsakiya ba. Kamfanin shi ne ke jin koken masu saye, shi ya san cewa masaƙar Bangaladash na son zare mai tsawo kaza, kuma shi ke da hanyar da zai sauya irin yanki guda cikin damina biyu ko uku, domin duk anguryar da ake shukawa daga injinansa take fitowa. Wannan batu na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. A wurin da masu gurza suke da yawa kuma kowa na sayen audugar kowa, iri yakan cakuɗe a cikin inji, bayan 'yan shekaru kyakkyawan irin da aka sha wahalar samarwa ya ɓace a cikin garwaye.

Abokin tarayya na huɗu shi ne manomi, kuma ya ɗauki lokaci kafin a yarda cewa shi ma abokin tarayya ne. Daga shekarun 1980 aka fara miƙa wa ƙungiyoyin ƙauye aikin awo da rabon taki da karɓar bashi. A 2000 ƙungiyoyin suka haɗu a ƙarƙashin OPCC, wadda a 2010 ta zama CNPC-C, babbar ƙungiyar manoman auduga ta ƙasa, mai sayo taki da maganin feshi da sunan manoma, mai zama da kamfani a kan farashi. Ana sanar da farashin kilo tun kafin shuka. Da farkon damina manomi zai je rumbun ƙungiya ya karɓi iri da takin zamani da maganin ƙwari da na ciyawa gwargwadon rubu'in hekta nawa ya yi rajista, ba tare da ya biya ko dala ba. Jinginarsa ita ce 'yan uwansa: mutum biyar ko goma da suka amince da juna su tsaya wa juna, idan ɗaya ya gaza sauran su cike. Ranar kasuwar auduga, kowa zai ɗauro tasa a cikin babban ƙyalle ya kawo fuloti. Mai duba kyau zai zura hannu cikin ƙunshin ya zaƙulo daga tsakiya, ya ga ko fara ce tas ko ta yi ja, ko an bar mata ganye da tsakuwa, ya yanke mata daraja ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku. A ɗora a sikeli, magatakarda ya rubuta a littafi ya ba mai ita takarda, samari su hau akwatin mota suna tattakawa don ta ci da yawa. A bakin injin gurza a sake auna motar gaba ɗaya. Idan kuɗi suka zo, bashin kaya ake fara cirewa, sannan kowa ya karɓi saura. Ƙungiyar kuma tana da ladan aikinta, wanda ƙauyuka da yawa suka gina aji ko rijiya ko rumbu da shi.

Wannan bashi shi ne bututun da duk wani sabon abu ke bi ya isa gona. Ta nan garmar shanu ta yaɗu, ta nan maganin ciyawa ya shiga a shekarun 1990 har mutane suka koyi shuka ba tare da huɗa ba don su kama ruwan farko. Ta nan masara ta samu gindin zama a kwarin Binuwai, saboda gonar da ta sha takin auduga bana, baɗi masara ce ke cin ragowarsa, kuma wanda ya biya bashinsa na auduga yakan samu takin abinci shi ma. Ita kanta anguryar da a da ake zubarwa ta zama man girki na Diamaor a matatun Garwa da Marwa, ƙulinta kuma ya zama abincin shanu da masu kiwo ke rububinsa da rani. Da farashin auduga ya faɗi, noman ya sauko daga sama da tan 300,000 a 2004/2005 zuwa kusan sulusin haka cikin shekara biyar, kamfanin ya bi wannan bututun ya raba wa manoma irin waken suya, ya saye ya matse. Yau waken suya ya zama amfanin gona mai cin gashin kansa a kudancin jihar Arewa, har 'yan kasuwar Najeriya na tsallakowa saye.

Mai karatu daga Kano ko Katsina ya san ɗaya fuskar labarin. Najeriya ma tana da cibiyar bincike mai daraja a Samaru, wadda ta fito da jerin irin SAMCOT, tana da injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau, ta kuma taɓa samun abin da Kamaru ba ta samu kamarsa ba, wato manyan masaƙu a Kaduna da Kano da ke jiran audugar. A 1986, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, aka rushe hukumar auduga tare da sauran hukumomin sayen amfanin gona. Hukumar tana da laifuffukanta, kuma manoma da yawa sun yi murna da tafiyarta. Amma ba a kafa komai a gurbinta da zai haɗa mai bincike da mai gurza da manomi ba. Mai gurza ya ga cewa idan ya ba manomi taki bashi, ranar kaka wani ne zai zo da ƙarin naira biyu ya kwashe audugar. Sai kowa ya daina bayarwa. Iri ya cakuɗe, aka shiga zuba auduga a buhun leda wanda zarensa ke lalata saƙa, aka shiga yayyafa mata ruwa da yashi don ta yi nauyi. Ilimin yana nan a Samaru, manoman suna nan, masu jari suna nan, amma babu wanda asarar ɗan uwansa ke shafa.

Suka ta farko da ake yi wa tsarin Garwa tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa mai saye ɗaya tilo ba abokin tarayya ba ne, ubangida ne. Manomi ba shi da inda zai kai audugarsa, saboda haka abin da aka ba shi shi zai karɓa, kuma idan kuɗinsa suka makara sai dai ya yi haƙuri. Akwai shaida a kan haka. A farkon 2011, lokacin da farashin auduga a duniya ya haura dala biyu a kan kowane laba, abin da ba a taɓa gani ba, farashin da aka sanar tun kafin shuka ya zama abin dariya idan aka gwada shi da abin da masu saye daga Najeriya ke bayarwa. Auduga ta yi ta tsallaka iyaka a kan babura da kekuna, kuma babu dokar da ta iya tsayar da ita. Bankin Duniya ma ya daɗe yana matsa wa ƙasashen sefa su sayar da kamfanonin audugarsu, an kuma sa Sodecoton a jerin na sayarwa tun tsakiyar shekarun 1990, ko da yake abin bai yiwu ba. Sai dai binciken da bankin da kansa ya wallafa a 2009, wanda ya kwatanta tsarin auduga a ƙasashen Afirka da dama, ya nuna cewa inda masu saye suka yi yawa manomi yakan samu kaso mafi girma na farashi, amma bashin taki da ingancin zare sukan rushe. Babban kaso na ƙaramin amfani ba lalle ya fi matsakaicin kaso na babban amfani ba. Kuma farashin da ya cuci manomi a 2011 shi ne ya rufa masa asiri a shekarun da kasuwar duniya ta faɗi bayan ya riga ya shuka. Darasin 2011 shi ne cewa tsarin yana buƙatar hanyar ƙara wa manomi kuɗi da sauri idan kasuwa ta tashi, da ƙungiyar manoma mai haƙoran cizo. Iyakar Najeriya ma, duk da kukan da kamfanin ke yi da ita, tana yi wa manomi aiki, domin ita ce ke tuna wa mai saye ɗaya cewa akwai wata ƙofa.

Suka ta biyu ita ce cewa baƙo abin da ke cikin jakarsa yake kawowa, ko ya dace da kai ko bai dace ba. Wannan gaskiya ne, kuma arewacin Kamaru yana da misalinsa. A farkon shekarun 2000, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, aka kawo dabarar shuka a ƙarƙashin ciyawar da aka shimfiɗa, wadda ta yi nasara a manyan gonakin Barazil. A tashar gwaji abin ya yi kyau: ƙasa na riƙe danshi, zaizaya na raguwa. A ƙauye kuwa, da zarar an gama girbi gona ta zama makiyaya, shanun Fulani da na masu gonar kansu su shiga su cinye karan, abin da ya rage wutar daji ta lashe ko mata su kwashe don girki da danni. Dabarar ta nemi a sauya yarjejeniyar da ke tsakanin manomi da makiyayi tun kaka da kakanni, saboda haka ba ta yi nisa ba. Amma a cikin jerin shirye-shiryen da kuɗin Faransa ya tallafa, tun daga shirin DPGT da aka fara a 1994, an yi wani abu mai arha da ya kama. An ba manomi 'yan kuɗi kaɗan a kan kowane tsiron gawo da ya bari a gonarsa ya shafa masa fenti ya kare shi daga garma. Manomi ya riga ya san gawo: yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ƙarƙashinsa dawa ta fi kyau, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Abin ban dariya shi ne malaman auduga na farko su ne suka sa aka tumɓuke bishiyoyi don garma ta wuce. Kuɗin waje a nan ya taimaki ilimin gida ya dawo. Baƙo ɗaya ne ya kawo dabarun biyu, ƙasa ta zaɓi ɗaya.

Abin da ke faruwa idan aka gajarta wannan zaɓe ya bayyana a Burkina Faso. A 2008 ƙasar ta fara noman audugar kamfanin Monsanto da aka sauya wa halitta don ta kashe tsutsa da kanta, cikin 'yan shekaru kuma ta mamaye mafi yawan gonaki. Manoma sun so ta, domin feshi ya ragu daga sau shida zuwa sau biyu. Amma zarenta ya gajarta, audugar Burkina da aka sani da tsawo ta rasa darajarta a kasuwa, kamfanonin gurza suka tafka asara, a 2016 aka watsar da ita. A lokacin Monsanto yana samun kuɗinsa ne a kan irin da aka shuka, tsawon zare ba ya cikin lissafinsa. Kamfanin ya fi CIRAD kuɗi da ɗakunan bincike nesa ba kusa ba, amma ribarsa ba a ɗaure take da dilar da ake sayarwa ba, kuma an yi gaggawar da ta hana masanan gida su gama tace irin kafin a baza shi.

Suka ta uku ita ce wadda babu amsa mai gamsarwa a kanta, sai dai bayani. Bayan shekara 70 ana wannan tarayya, kusan duk audugar a dila take fita. Tun 1965 akwai kamfanin CICAM, mai masaƙa a Garwa da wurin buga atamfa a Duwala, amma abin da yake ɗauka ɗan kaɗan ne, kuma ya daɗe yana numfashi da ƙyar a gaban atamfar Asiya da gwanjo. Mace a kasuwar Garwa tana iya sayen turmin da aka saƙa a wata nahiya da audugar da mijinta ya noma. Dalilin bai saɓa wa hujjar wannan babi ba. Sha'awar abokin tarayyar Faransa ta ƙare ne a bakin dila, saboda dila yake sayarwa, don haka duk sabuntawar ta taru daga iri zuwa injin gurza ta tsaya. Babu wanda aka ɗaure ribarsa da yadin da aka saƙa a Garwa. Kaduna ta taɓa samun irin waɗannan abokai: kamfanin David Whitehead na Ingila a masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, da iyalin Cha na Hong Kong a UNTL daga 1964. Sun horar da dubban ma'aikata, amma da wutar lantarki ta gagara kuma fasa-ƙwauri ya cika kasuwa, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Garwa ma matsalarta ke nan. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda 'yan Sin suka gama ginawa a 1982, ita ce babbar mai ba arewacin Kamaru wuta, kuma idan ruwanta ya ja baya masana'antu ne ke fara zama a duhu. Tashoshin hasken rana da kamfanin Scatec na Norway ya kafa a Marwa da Gider sun rage zafin abin, amma masaƙar zamani ba ta jure ko ɗaukewar wuta ta minti goma.

A 'yan shekarun nan abokan da suka fi fitowa su ne masu ba da kuɗi. ITFC, reshen kasuwanci na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, ya sha ba Sodecoton rance ta hanyar murabaha don sayen taki da biyan manoma a kan lokaci. Wannan taimako ne na gaske, musamman bayan asarar da kamfanin ya yi a tsakiyar shekarun 2010, lokacin da tsofaffin injuna da motoci suka kasa kwashe auduga kafin ruwa ya sauka a kanta. Amma mai ba da rance, ko da na halal ne, kuɗinsa da ribarsa yake jira, ba shi zai gano maganin sabon ƙwaron da ya ɓarnata gonakin auduga a Mali da Kwaddibuwa a 2022 ba, ba kuma shi zai dawo da ƙarfin ƙasar da ta gaji da noma ba hutu. Waɗannan su ne jarrabawar da ke gaba, tare da rashin tsaro da ya kori manoma daga wasu gonakin kan iyaka, kuma duk aikin bincike ne na shekaru, irin wanda ake saurin yanke wa kuɗi idan aljihu ya yi ƙunci.

Masu injinan casar shinkafa a Kano da Kabi, da masu sayen riɗi a Jigawa, da masu matse gyaɗa a Maraɗi duk suna fuskantar tambayar da Garwa ta fuskanta. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, da injuna na zamani masu iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar ne tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir, kuma ko a shekarun da suka biyo baya masana'antar ta sha tsayawa saboda manoma na kai tumatir kasuwa duk lokacin da farashin can ya fi. Injin an sayo shi daga waje cikin 'yan watanni. Mai binciken da zai zauna shekara goma a kan iri, da ƙungiyar manoma da za ta tsaya wa bashi, da farashin da zai hana mutum karya alkawari, su ne ba a sayo ba. Ɗan kasuwar da ke shirin sa hannu a takarda da wani kamfanin waje ko wata cibiyar bincike, kafin ya duba yawan kuɗin da aka rubuta, ya nemi layin da ya faɗi abin da abokin nasa zai rasa idan manomi ya yi asara bana. Idan babu wannan layi, ya sa a rubuta shi kafin ya ɗauki biro.